Kunkuru da tururuwa: Yadda masu kiwo a Kaduna za su kori ƙwarin ba tare da sun halaka dabbar ba

Da zarar ruwan farko ya sauka a Kaduna, cikin Afrilu ko farkon Mayu, ƙasar da ta ƙeƙashe tun hunturu takan yi laushi, tururuwa da danginta su fito neman abinci da sabon mazauni.

A irin wannan lokaci ne matan gida ke fara ganin layin kiyashi a madafa, yara kuma su riƙa zabura daga kan tabarma saboda cinnaka.

Mutum yana iya tashi ya kakkaɓe jikinsa, kaza ma takan yi fiffike ta haye katanga. Amma akwai wata dabba da ake ajiyewa a bayan wasu gidaje na unguwanni irin su Malali da Unguwar Rimi da Kawo da Unguwar Dosa wadda ba ta da wannan gata, wato kunkuru.

Idan ƙwari suka yi masa taron dangi, abin da ya sani kawai shi ne ya janye kai da ƙafafu zuwa cikin ƙoƙon bayansa. Wannan dabara tana tsare shi daga kare ko dila, sai dai ba ta hana ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba shiga ta kowace kafa.

Haɗari na biyu kuma daga mai dabbar yake fitowa. Yakan ga kunkurunsa cikin ƙwari, hankalinsa ya tashi, ya aiki yaro ya sayo fiya-fiya ya feshe wurin. Tururuwar takan mutu nan take, amma gubar tana nan a ƙasar da kunkurun ke kwana a kai, yake kuma cin abinci a kai. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Wane irin kunkuru ne a gidan?

Kafin a yi maganar magani, ya kamata mai kiwo ya san irin dabbar da ke hannunsa, domin kunkuru iri biyu aka fi samu a gidajen Arewa.

Na farko shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda masana kimiyya ke kira Centrochelys sulcata. Asalin mazauninsa shi ne gefen hamadar Sahara, daga Senegal, ya ratsa Mali da Nijar da Chadi da Sudan har zuwa Habasha.

Shi ne na uku a girma a duk kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji yakan wuce kilo 50, yana kuma iya haura shekara 70 a raye. Abincinsa ciyawa ne, kuma yana haƙa rami mai tsawon mitoci da dama domin gudun zafin rana.

Irin wannan ne Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso da ya mutu a watan Oktoban 2019. Fadar ta ce shekararsa 344, adadin da masana dabbobi suka ce ya yi wa wannan jinsi yawa.

Na biyu shi ne ƙaramin kunkurun daji na dangin Kinixys, wanda ba ya wuce a ɗauke shi da hannu ɗaya. Ana gane shi da wata gaɓa a ƙarshen ƙoƙon bayansa da yake lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya da wutsiya. Shi wannan, ban da ganye, yana cin ƙwari da dodon koɗi da ƙadandoniya. Saboda haka idan aka kashe ƙwari da guba a inda yake, zai bi su ya cinye.

Babban kunkurun Sahel yana raguwa ƙwarai a daji. A 2021 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta rufe ƙofar fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje domin ciniki.

A Senegal har akwai wani wuri a ƙauyen Noflaye, kusa da Dakar, da aka keɓe domin kiwo da kula da wannan jinsi. Don haka kunkurun da ya mutu a bayan gida a Badarawa ko Hayin Banki saboda feshin ganganci asara ce da ta wuce ta mai gidan shi kaɗai.

Kiyashi, cinnaka, gwano da kwarkwasa

Bahaushe ya daɗe da bambance waɗannan ƙwari, ya ba kowanne sunansa, kuma bambancin yana da amfani ga mai kiwo.

Kiyashi shi ne ƙaramin da ke bin zaƙi da maiƙo. Ba kasafai yake damun babban kunkuru mai lafiya ba. Ganinsa da yawa alama ce ta cewa ana barin ragowar abinci yana kwana a garken.

Baƙar tururuwa mai jidar hatsi ita ma ba ta da wata gaba da kunkuru. Gero da dawa da irin ciyawa take nema, shi ya sa ta fi yawa a gidan da ake watsa wa kaji ko tantabaru tsaba kusa da garken.

Cinnaka kuwa matsala ne na gaske. Yana gida a gindin katanga da ƙarƙashin duwatsu da wuraren da ke da danshi, kuma zafinsa kowa ya sani. Kamar yadda ake yi masa kirari, bai san na gida ba. Yakan samu kunkuru a wuraren da fatarsa ke da laushi, wato wuya da hammata da gefen ido da gindin wutsiya.

Gwano, mai wari da tafiya a jere, farautar gara yake fita yi. Idan aka ga jerin gwano yana yawan ratsa gida, to a duba katakon da aka kewaye garken da shi, mai yiwuwa gara ta shige shi.

Akwai kuma jajayen tururuwar nan da ke haɗa ganyen mangwaro su yi sheƙa a kan bishiya. Suna da cizo, kuma sukan sauko ta reshen da ya taɓa katanga. Amma suna yi wa bishiyar aiki, domin suna korar ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa. Sare reshen da ya leƙo garken ya wadatar.

Wadda ta fi kowa haɗari ita ce kwarkwasa. Runduna ɗaya tana iya ƙunsar miliyoyi, ba ta da mazauni na dindindin, kuma nama take nema. Ta fi fitowa da damina, musamman da dare ko bayan ruwa. Masu kiwon kaji da zomaye sun san ɓarnarta: duk dabbar da ke kulle ba ta da hanyar gudu, kwarkwasa na iya kashe ta kafin gari ya waye.

Me ke jawo su garken?

Kaduna ta fi asalin mazaunin kunkurun Sahel ruwa nesa ba kusa ba. Garin yana samun sama da milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, alhali a wurare da dama na Sahel abin da ake samu bai kai rabin haka ba.

Idan ruwa ya cika ramukan tururuwa, ko Kogin Kaduna ya tumbatsa ya taɓa unguwannin bakinsa irin su Kabala Costain da Rafin Guza, ƙwarin kan kwashi ƙwansu su nemi tudu mai bushewa. A gidaje da yawa, ɗakin kunkuru mai rufi shi ne wurin da ya fi dacewa da abin da suke nema.

Da rani kuma lissafin yakan juya. A watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 35, kaskon ruwan kunkuru da danshin da ke ƙarƙashinsa su ne ke kiran ƙwari. Da hunturu, buhu ko tsumma ko tattakar da aka shimfiɗa masa don ɗumi kan zama gidan ƙwari idan aka bar su makonni ba a ɗaga ba.

Amma babban abin da ke kiran tururuwa a kowane lokaci shi ne abinci. Mutane da dama suna ba kunkuru kankana da mangwaro da ayaba da gwanda, wasu ma har da ragowar tuwo da shinkafa da burodi.

Wannan abinci yana cutar da shi ta hanya biyu. Zaƙi da maiƙo suna tara ƙwari, sannan cikin babban kunkuru an gina shi ne don ciyawa. Yawan 'ya'yan itace yana sa shi gudawa, gudawar kuma tana ƙara kiran ƙudaje da tururuwa.

Abin da ya fi dacewa da shi shi ne ciyawa ɗanya ko busasshiya, irin su ƙiri-ƙiri, a haɗa da ganyen rama da yakuwa da ɗan zogale. Harawar wake ko ta gyaɗa tana da ƙarfi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A tabbatar ciyawar ba daga inda aka yi feshin maganin ciyawa aka yanko ta ba.

Me ya sa fiya-fiya ba ta dace ba?

Maganin da aka fi garzayawa a saya shi ne daikulobos, wanda ake rubuta Dichlorvos ko DDVP a jikin kwalba. Shi ne sinadarin da ke cikin Sniper, shi ne kuma ake tsinkawa a sayar a matsayin fiya-fiya.

Don gona aka yi shi. A 2019 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da manyan kantuna saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba.

Sinadarin yana aiki ne ta hanyar toshe wani abu a jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya gama aikinsa. Idan aka toshe shi, tsoka ba ta samun hutu, sai karkarwa da dalalar miyau da wahalar numfashi su biyo baya. Haka yake yi wa ƙwaro, haka yake yi wa kunkuru da kaza da ɗan Adam.

Kunkuru ya fi sauran dabbobin gida shiga haɗarin. Cikinsa yana goga ƙasa duk inda ya nufa, hancinsa na kusa da ita, kuma ɗabi'arsa ce ya ɗanɗani ƙasa da tsakuwa. Jikinsa kuma yana sarrafa abin da ya shige shi a hankali, don haka guba takan daɗe ba ta fita ba.

Hodar ƙwari ta kanti da allin kyankyaso su ma guba ce ta dangin firetiroid, wadda ke yi wa kifi da dabbobi masu jan ciki illa fiye da yadda take yi wa akuya ko kare. Tsohon maganin nan Gamalin kuwa, sinadarinsa lindan ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009.

Kalanzir da baƙin mai, waɗanda aka saba zubawa a ramin tururuwa, suna ƙona fata da ido, suna kuma nutsewa cikin ƙasa. A gidan da ake shan ruwan rijiya, wannan abin dubawa ne ko da babu kunkuru.

Feshi kuma ba ya kai wa ga tushen matsalar. Waɗanda ake gani a fili ma'aikata ne kawai. Sarauniyar da ke yin ƙwai tana can ƙarƙashin ƙasa, kuma cikin 'yan makonni za ta mayar da gurbin waɗanda aka kashe.

Matakan da ba sa buƙatar guba

Mataki na farko shi ne canza yadda ake ba da abinci. A zuba shi da safe a kan faffaɗan dutse ko tayil, a kwashe abin da ya rage bayan awa ɗaya ko biyu, a wanke wurin. Kada abinci ya kwana. A kwashe kashin dabbar kullum.

A nisanta garken daga bola da makwararar wanke-wanke da akurkin kaji. 'Ya'yan mangwaro ko gwaiba da suka faɗo a tsince su tun ba su fashe ba.

Idan kiyashi ya matsa wa kwanon abinci, a ɗora shi a cikin faranti mai faɗi da aka zuba wa ruwa kaɗan, yadda ƙwaro ba zai iya tsallakawa ba. Ruwan ya zama marar zurfi, a kuma canza shi kullum saboda sauro.

A share zagayen katangar garken ta waje, a bar fili tsirara kamar taku biyu, babu ciyawa, babu tarin bulo ko itace. Wannan yana sa a ga layin ƙwari tun kafin su shiga. A duba tsirran da ke kusa ko suna da darɓa, domin tururuwa na bin ruwan zaƙin da darɓa ke fitarwa.

Wajen gina garke, bulo da siminti sun fi katako. Katako yana kiran gara, maganin da kafintoci ke shafa masa don hana gara kuma guba ne ga dabbar da za ta yi ta goga jiki da shi. A toshe tsagogin gindin katanga, a ɗan ɗaga daɓen ɗakin kwanansa yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Idan an ga layin kiyashi, a wanke hanyar da ruwan sabulu sannan a ɗauraye. Tururuwa na bin wani ƙamshi ne da 'yan uwanta suka bari a ƙasa, idan aka wanke shi sai ta rikice.

Idan ramin a cikin garken yake, a fara fitar da kunkurun zuwa wani wuri mai inuwa. A tona ramin da shebur, a kwashe ƙasar a kai nesa, a malala ruwa. Yawan takurawa na sa ƙwarin su yi ƙaura da kansu.

Inda hakan bai yi ba, ana amfani da ruwan zafi. Masanan aikin gona na Jami'ar Texas A&M da ke Amurka sun gano cewa zuba kusan lita 11 na ruwa mai tsananin zafi a ramin jar tururuwar da ke addabar yankinsu yana kawar da ita a kusan kashi 60 cikin 100 na lokutan da aka yi. Ke nan sau da yawa sai an maimaita. Ruwan yana kashe ciyawa, kuma kada a mayar da dabbar sai ƙasa ta huce sarai. Kada a zuba shi a ramin da kunkurun ya haƙa, ko inda ake zaton mace ta binne ƙwai.

Toka, wadda kakanni suka saba zagaye akurki da ita, tana taimakawa muddin a bushe take. Idan ta jiƙe ta daina tare ƙwari, ruwanta kuma yana da kaifi a fata da ido. Saboda haka a bayan katanga ake zuba ta. Haka ma farar hodar nan ta dayatomait da wasu shagunan kayan noma ke sayarwa: ruwa yana kashe amfaninta, ƙurarta kuma na damun huhu.

Tarkon sukari, amma a waje

Idan ƙwarin sun ƙi tafiya, hanyar da ke kai wa ga sarauniya ita ce tarkon abinci mai magani kaɗan. Ana yin sa da borik asid, farar hodar da ake samu a wasu shagunan sinadarai.

Ma'aunin shi ne kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka: gram 10, wato kamar ƙaramin cokali biyu, a cikin lita 1 na ruwa, da sukari gram 200. Masu gaggawa sukan ƙara yawan maganin, sai ma'aikatan su mutu a hanya kafin su kai wa sarauniya, aikin ya tashi a banza.

A jiƙa auduga da ruwan, a sa a roba mai murfi, a huda ƙananan kafofi da ƙusa a gefenta, a rufe gam, a danne da dutse. A ajiye ta a bayan katangar garken, kan hanyar ƙwarin. Za a ga sun ƙaru a kwanakin farko, kada a taɓa su. Sakamako yakan ɗauki mako biyu ko fiye.

Ga ƙwarin da suka fi son maiƙo, ana iya cuɗa maganin da ɗan tunkuza. Borik asid bai kai fiya-fiya haɗari ba, amma guba ne idan aka ci, kuma sukari da tunkuza abubuwa ne da yara ke so. A rubuta gargaɗi a jikin robar, a ajiye ta inda yaro ko kaza ko akuya ba za su kai ba. Tarkon ba ya aiki a kan kwarkwasa.

Idan kwarkwasa ta shigo da dare

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, don haka ba a tsayawa faɗa da kwarkwasa. A ɗauke kunkurun tukuna. Idan babba ne, mutum biyu su sa takalmi mai rufi, su cusa ƙafar wando cikin safa, su ɗora shi a baro su kai wani ɗaki.

Rundunar wucewa take yi, yawanci cikin sa'o'i ko kwana ɗaya, kuma takan share kyankyasai da sauran ƙwari a hanyarta. Ana iya karkatar da ita da busasshiyar toka ko ruwan sabulu a bakin ƙofa. Watsa mata wuta ko fetur kusa da ɗakin dabba mai tattaka neman gobara ne.

Da damina, duba garken da tocila kafin a kwanta barci aiki ne na minti biyu. Gidajen da ke kusa da lambuna da bakin kogi da filayen da ba a gina ba su suka fi buƙatarsa.

Har yanzu wasu na huda gefen ƙoƙon kunkuru su ɗaure shi da igiya ko waya don kada ya ɓata. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiyoyi a cikinsa, kuma haɗe yake da haƙarƙari da ƙashin baya. Huda shi yana da zafi, raunin yana kiran ƙwari da ƙudaje, dabbar da ke ɗaure kuma ba ta da inda za ta matsa idan kwarkwasa ta zo.

Ƙwai da 'ya'ya sun fi shiga haɗari

Macen babban kunkuru takan binne ƙwai 15 zuwa 30 a rami ɗaya, su yi watanni kafin su ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito bai wuce santimita 5 ba, ƙoƙonsa da laushi, kuma yakan fito da ragowar gwaiduwa a cibiyarsa. Wannan danshi shi ne abin da tururuwa ke nema.

An ga irin wannan ɓarna a wasu ƙasashe. Jar tururuwa mai harbi da ta shiga Amurka daga Kudancin Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile, a jihar Alabama, a shekarun 1930, tana kashe 'ya'yan kunkurun da ke haƙa rami a jihohin Florida da Georgia. A tsibiran Galapagos ma, baƙin tururuwa da suka shiga ta jiragen ruwa suna far wa 'ya'yan manyan kunkuru.

Don haka 'ya'ya ba sa kwana a ƙasa. A ajiye su a babban baho ko akwati a kan tebur, a tsoma ƙafafun teburin a gwangwanaye masu ruwa da ɗigon sabulu, ko a shafa musu basilin a zagaye. A tabbatar teburin bai jingina da bango ba. A rufe sama da raga saboda shirwa da hankaka da ɓeraye, a kuma riƙa fitar da su hantsi ana kallonsu.

Taimakon gaggawa

Idan aka tarar da kunkuru ƙwari sun rufe shi, a ɗauke shi daga wurin, a kakkaɓe da burushi mai laushi, a zuba masa ruwa mai ɗan ɗumi. Ana iya zaunar da shi a baho, amma kada ruwan ya wuce haɓarsa, domin kunkurun tudu ba ya iyo kamar kififiya.

A jira ya miƙo ƙafafu da kansa, kada a fizgo su. Kwarkwasa takan maƙale da haƙoranta ko an tsinke jikinta, sai a cire da hantsaki. Kada a shafa masa kalanzir ko man zafi ko maganin sauro.

Idan ido ya kumbura, ko ya daina cin abinci, ko ƙafafunsa sun saki, ko yana fitar da kumfa ta hanci da baki, a kai shi wurin likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a cikin Kaduna, akwai kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar kusan kilomita 80. Idan ana zargin guba ce, a tafi da kwalbar maganin.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata kowane mai kunkuru ya riƙe. Allurar aibamektin, wadda ake rubuta Ivermectin a jikin kwalba, da ake yi wa tumaki da shanu da karnuka don tsutsa da kaska, tana shanye jikin kunkuru har ta kashe shi. Kada a bari mai sayar da maganin dabbobi ya yi masa ita.

Bayan taɓa kunkuru ko share garkensa a wanke hannu da sabulu, domin yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi ba tare da shi ya nuna alama ba. Wannan ne ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun fi saurin kamuwa.

Ita ma tururuwar tana da amfani

Wani bincike da masana na Jami'ar Würzburg ta Jamus suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2022, ya ƙiyasta cewa ga kowane mutum ɗaya a duniya akwai tururuwa kusan miliyan 2.5. Babu mai iya raba bayan gidansa da su gaba ɗaya, kuma babu buƙatar hakan. Suna huda ƙasa iska da ruwa su shiga, suna kwashe matattun ƙwari, su ne kuma abincin ƙadangare da kwaɗo.

Ga Musulmi, batun ya taɓo addini. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan tururuwa, wato Suratun Namli, akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito da ya ambace ta cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Malamai da dama sun yi bayanin cewa wadda ke cutarwa ana iya kawar da ita idan babu wata hanya, amma ban da ƙonawa da wuta. Hakan ya yi daidai da tsarin da ya fi wa kunkurun lafiya: a fara da tsafta da kora, kisa ya zo a ƙarshe kuma a kan ramin da ke cutarwa kaɗai.

Ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Kunkuru ta Duniya, wadda wata ƙungiyar ceton kunkuru ta Amurka ta fara a shekarar 2000. A Kaduna ranar tana faɗowa ne daidai lokacin da damina ke kankama. Mai kiwon da ya toshe tsagogi, ya ɗaga shimfiɗa, ya sare rassa, ya kuma share bayan katanga kafin wannan rana, zai shiga watan Agusta da sauƙin aiki.